Gero a Gurbin Dara: Hira a kan 1,073,741,823

Daga ɗan aji biyu, ƙaramar sakandare, Tafashiya

Wannan makon ban kawo labarin ƙwallo ba, ban kuma kawo na sharar aji ba. Lamba ɗaya tak na ɗauko, ga ta nan: 1,073,741,823. Kafin ku zarce shafin barkwanci, ku daure ku karanta ta da ƙarfi: biliyan ɗaya da miliyan saba'in da uku da dubu ɗari bakwai da arba'in da ɗaya da ɗari takwas da ashirin da uku. Na san a cikinmu akwai waɗanda da sun ga lamba ta wuce gida shida sai kai ya fara sara musu. To, su nake so su tsaya. Wannan zabgegiyar lamba tana da hali, tana da dangi, kuma mutum zai iya faɗin abin da ke cikinta ba tare da ya cika littafi da rabawa ba, muddin ya san inda ta fito.

Daga dara ta fito. Duk wanda ya tashi a nan ya san darar da manya suke yi a gindin bishiya bayan la'asar, musamman da rani in an kau da amfanin gona. Ana tona gurabe a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida, talatin ke nan. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Yanzu a kwashe 'ya'yan darar gefe, a kawo gero. A gurbin farko a sa ƙwaya ɗaya, a na biyu ƙwaya biyu, a na uku huɗu, a na huɗu takwas, haka dai, kowane gurbi ninkin na bayansa, har a kai na talatin. In aka tattara geron duka aka ƙirga, abin da za a samu shi ne 1,073,741,823, ba ƙari ba ragi.

Ba ni na ƙirƙiro wannan dabara ba. Wani malamin tarihi mai suna Ibn Khallikan ya rubuta labarinta a wajajen shekarar 1256. Labarin wani mai hikima ne a ƙasar Indiya da ya ƙago wasan ces, sarki ya ce ya faɗi tukwicin da yake so, shi kuwa ya nemi a yi masa irin wannan ninki da alkama a kan allon wasan, mai gida 64. Sarki ya raina abin, sai da ma'aji ya buga lissafi aka ga duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Ni dai wannan ta fi ƙarfin allon ajinmu, shi ya sa na dawo da labarin gida, na sa shi a darar da muka sani.

Kada wani ya ce sai ya tara lambobi talatin kafin ya yarda. Akwai gajeriyar hanya. Gurbi biyu na farko, 1 da 2, sun ba da 3, wato 4 ba ɗaya. Uku na farko sun ba da 7, wato 8 ba ɗaya. Huɗu na farko 15, wato 16 ba ɗaya. Kullum jimillar takan zo saura ƙwaya ɗaya ta kai abin da za a zuba a gurbi na gaba. Gurbi na talatin yana ɗauke da 536,870,912. Da akwai na talatin da ɗaya, da zai ɗauki 1,073,741,824. A cire ɗaya, ga lambarmu. Wannan kuma yana nufin gurbin ƙarshe shi kaɗai ya fi sauran ashirin da tara in an haɗa su, da ƙwaya ɗaya.

Girmanta fa? Malaminmu na aikin gona ya ce ƙwayar gero dubu takan yi nauyin wajen giram takwas, wani iri ya fi haka, wani bai kai ba. In muka tafi a kan takwas ɗin, rabin darar, wato gurabe goma sha biyar na farko, ƙwaya 32,767 ce kacal, kwatan kilo da ɗan ɗoriya. Ko kunun gidanmu ba zai isa ba. Amma darar gaba ɗaya ta haura kilo dubu takwas da ɗari biyar, buhu tamanin da 'yan kai. Gaskiya da na ga haka sai na ji abin bai kai yadda nake zato ba, don mota ɗaya za ta kwashe shi ta bi titin Kankiya ta sauke a kasuwar Dawanau. Na allon ces kuwa, da irin wannan awo, ya wuce buhu tiriliyan ɗaya. Inda lambarmu take nuna ƙarfinta shi ne wurin ƙirga. In mutum zai riƙa ɗaukar ƙwaya ɗaya duk daƙiƙa, ba barci, ba ci, ba sha, sai ya shekara talatin da huɗu bai tashi ba. Ni da nake da shekara goma sha uku, duk daƙiƙun da na yi a duniya sun ɗan haura miliyan 410 ne, ko rabinta ban kai ba. Kakata in ta ji irin wannan sai ta ce malala gashin tinkiya, ta rufe zance. Ta ce a zamanin wuri, dubu ashirin shi ake kira ƙeso. Da wannan ma'auni, lambarmu ƙeso 53,687 ce, da ragowar wuri 1,823.

Ga wata tambaya da na yi wa 'yan ajinmu. Wanne za ka zaɓa: a ba ka naira miliyan goma yau, ko a ba ka naira ɗaya yau, gobe biyu, jibi huɗu, har kwana talatin? Kusan kowa miliyan goma ya ce. Har rana ta ashirin da uku mai miliyan goma ne ke dariya, don ɗayan yana da 8,388,607 ne kawai. Rana ta ashirin da huɗu sai labari ya sha bamban, ranar ƙarshe kuma mai haƙuri ya tashi da 1,073,741,823. Shi ya sa in kuka ji wani yana cewa a kawo masa kuɗi zai riƙa ninka su, ku tuna da dara. In da gaske zai iya, naira ɗaya ta ishe shi, me zai yi da kuɗin babanku?

Yanzu mu zo ga halinta. Tambayar farko da ake yi wa kowace lamba ita ce wadda yara suke yi in sun dunƙule gyaɗa a hannu: mara ko cika? Tamu ta ƙare da 3, don haka mara ce, ba ta rabuwa gida biyu daidai. Ko ba a duba ƙarshenta ba ma, dara ta faɗa mana. Duk guraben cika ne, ban da na farko mai ƙwaya ɗaya. Wannan 'yar ƙwaya ita ta hana biliyan guda rabuwa biyu.

Kada a ɗauka mara da cika wasan yara ne kawai. Wani malami ɗan ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya tafi aikin hajji a wajajen 1730, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimin lambobi, ya rasu a birnin Alƙahira a 1741. Hatimi shi ne a jera lambobi a gidaje, ta kowane ɓangare aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, a samu abu ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai uku sau uku: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6, ko'ina 15. Hanyoyin da ya bayyana na hatimi ne mai gefe mara, kamar uku ko biyar ko bakwai, don mai gefe cika wata hanyar daban yake bi. Sunansa yana cikin littattafan tarihin lissafi na ƙasashen waje. A ganina bai kamata a ce ɗan jihar Katsina ya gama aji uku bai taɓa jin sunan wannan malami ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi daɗi: waɗanne lambobi ne suke shiga cikinta daidai, ba saura? A aji an koya mana dabarun gwaji. Tara alƙalumanta: 1, 0, 7, 3, 7, 4, 1, 8, 2, 3, sun ba da 36. Tara tana shiga 36, don haka 3 da 9 duk suna shiga lambarmu. Biyar ba ta shiga, tunda ba ta ƙare da 5 ko 0 ba. Gwajin 11 shi ne a tsallaka ɗaya a ɗauki ɗaya: 1, 7, 7, 1, 2 sun ba da 18, sannan 0, 3, 4, 8, 3 su ma 18. Sun yi kunnen doki, to 11 ta shiga. Daga nan dabarun aji suka ƙare. Wanda zai ci gaba sai ya riƙa gwada 7, 13, 17, 19, ɗaya bayan ɗaya, ga shi ƙaramin kalkuletan da ake sayarwa a kasuwa gida takwas yake ɗauka, lambarmu kuwa gida goma ce.

A nan ne dara take ceton mutum. Ku dubi guraben a layi-layi, kowane layi gurbi biyar. Layin farko: 1, 2, 4, 8, 16, jimilla 31. Layi na biyu: 32, 64, 128, 256, 512, jimilla 992. Ku raba 992 da 31, za ku samu 32 cif. Layi na uku ya ba da 31,744, wato 31 sau 1,024. Dalili kuwa a fili yake: kowane layi hoton na farko ne, an dai ninka shi. Tunda layuka shida ne cif, babu gurbin da ya yi saura, kuma kowane layi 31 tana shiga cikinsa, dole 31 ta shiga jimillar duka. Ban raba biliyan da komai ba, amma na san 31 tana ciki.

Yanzu ku zagaya ɗaya gefen darar, ku zuba geron a layuka masu gurbi shida. Layin farko: 1, 2, 4, 8, 16, 32, jimilla 63. Na biyu 4,032, wato 63 sau 64. Layuka biyar cif. Don haka 63 ma tana shiga, ita kuwa 63 ai 9 sau 7 ce. Ga 9 ɗin da muka gano ɗazu, ga kuma 7 da ba mu da gwajinta a aji ta faɗo hannunmu a banza. Faɗin darar da tsawonta, biyar da shida, su suka haifi 31 da 63.

Talatin tana kuma rabuwa goma-goma da sha biyar-sha biyar. Gurabe goma na farko sun ba da 1,023, wadda take 3 sau 11 sau 31. Ga inda 11 ta fito. Sha biyar na farko sun ba da 32,767, wadda take 7 sau 31 sau 151. Ga baƙuwa, 151. In aka cire waɗannan duka ta hanyar rabawa, ga yadda abin yake sauka: 1,073,741,823 a raba da 3, 357,913,941. A sake rabawa da 3, 119,304,647. Da 7, 17,043,521. Da 11, 1,549,411. Da 31, 49,981. Da 151, 331. Ita 331 babu abin da ke shiga cikinta sai 1 da ita kanta. Ita ce autar gidan, ba ta bayyana a biyar ko shida ko goma ko sha biyar, sai gurabe talatin sun cika. Don haka:

1,073,741,823 = 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331

Wannan hanya har waɗanda ba sa ciki tana faɗa. Biyar takan fara bayyana ne a gurabe huɗu, inda jimilla take 15, amma talatin ba ta rabuwa huɗu-huɗu, biyu sukan yi saura, shi ya sa biyar ba ta shiga. Sha bakwai tana son takwas-takwas, don 255 ita ce 15 sau 17, talatin kuwa ba ta rabuwa takwas. Sha uku tana son sha biyu-sha biyu. Duk an sallame su ba tare da an ɗauki biro ba. Sirrin lamba mai gida goma yana cikin 'yar ƙaramar lamba 30, wadda ɗan firamare ma ya san masu raba ta. Da za a riƙa nuna mana dalilin dokokin rabawa kamar haka, ba haddarsu kaɗai ba, ina jin da masu gudun darasin lissafi sun ragu.

Lambobi irin 3, 7, 11, 31, 151 da 331, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, a aji firam muke ce musu da Turanci. Ni gagara-rabo nake kiransu. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. Lambarmu ba gagara-rabo ba ce, ginanniya ce da tubali bakwai. Masu raba ta kuma su 96 ne, in an haɗa da 1 da ita kanta. Yadda ake sani shi ne, duk mai raba ta daga cikin tubalan nan ake haɗa shi. Uku tana da zaɓi uku: a bar ta, a ɗauki ɗaya, ko a ɗauki biyun. Sauran biyar ɗin kowace zaɓi biyu: a ɗauka ko a bari. 3 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 ya ba da 96.

Tun wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa, wani masani mai suna Nikomakus ya kasa lambobi gida uku ta hanyar duba masu raba su. A tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta wuce ta, lamba ce mai rara, kamar 12, da 1, 2, 3, 4, 6 suka ba da 16. In ba ta kai ba, mai giɓi ce, kamar 10, da 1, 2, 5 suka ba da 8. In kuwa ta zo daidai wa daida, ita ce kamila, kamar 6, wato 1 da 2 da 3, ko 28, wato 1, 2, 4, 7, 14. Tara lambobi 95 aiki ne, amma malaminmu na lissafi ya nuna mini gajeriyar hanya: a ƙara 1 a kan kowane tubali, ita 3 da ta zo sau biyu a ɗauki 1 da 3 da 9, wato 13, sannan a ninka su duka. 13 × 8 × 12 × 32 × 152 × 332 ya ba da 2,015,330,304. Da wayar yayana na buga wannan. A cire lambar kanta, saura 941,588,481. Bai kai ba, da giɓin 132,153,342. Ashe duk girman nan nata, mai giɓi ce. Ba abin mamaki ba ne sosai, don lambobin mara ba su cika yin rara ba. Ta farko a cikinsu mai rara ita ce 945.

Tana da maƙwabciya da ta fi ta suna, wadda ta ɗara ta da ɗaya kacal: 1,073,741,824. Halinsu ya sha bamban kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Ita maƙwabciyar babu komai a cikinta sai 2, sau talatin. Murabba'i ce, 32,768 sau 32,768. Kuma ita ce 1,024 sau 1,024 sau 1,024. Tamu saura ɗaya ta zama murabba'i, sai ta tsaya a 32,767 sau 32,769. Abin da ya fi burge ni shi ne, in aka tara masu raba maƙwabciyar, ban da ita kanta, 1, 2, 4, 8 har zuwa 536,870,912 ne, wato geron da ke cikin dara. Jimillarsu ita ce lambarmu. Ke nan ƙwaya ɗaya ce ta hana maƙwabciyar zama kamila.

Wannan maƙwabciya tana cikin aljihun mutane da yawa ba su sani ba. Kwamfuta da sifili da ɗaya kawai take ƙirga, komai nata ninki ne kamar geron dara. A rubutunta, lambarmu 1 ce guda talatin a jere, kowane gurbi a cike. Abin da kwamfutoci da yawa suke kira giga ɗaya shi ne bayit 1,073,741,824. Kamfanonin da ke yin memori kuwa biliyan ɗaya cif suke kira giga. Shi ya sa mutum zai sayi memori an rubuta 16 a jikinsa, ya sa a kwamfuta ya ga wajen 14.9, ko mai 32 ya nuna 29.8. Na taɓa ganin ana cacar baki da wani mai sayar da kayan waya a kan haka, ana cewa ya yi algus. Akwai memori na jabu, ba a musu, amma wannan giɓin dai ba laifin mai shago ba ne, mudu biyu ne ake awo da su.

To, a ƙara gurbi ɗaya a darar, su zama 31. Ba za ta yi wasa ba, don 31 ba ta jeruwa a layuka daidai, ko biyu-biyu, ko uku-uku, ko biyar-biyar, kullum sai an samu saura. Dabararmu ta layuka ta rasa wurin kamawa. Jimillar geron yanzu 2,147,483,647 ce, kuma gagara-rabo ce. Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ke zaune a Rasha, shi ya tabbatar da haka a 1772, a lokacin idanunsa sun riga sun tafi. Gurbi ɗaya ya raba lamba mai masu rabawa 96 da wadda take da biyu tak. Wannan lamba ita ce iyakar ƙirgar wasu tsofaffin kwamfutoci da suke lissafa daƙiƙu tun daga 1 ga Janairu 1970. Ma'auninsu zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, shi ya sa ake ta sauya su tun yanzu.

Amma a yi hattara. Don yawan gurabe gagara-rabo ne, ba dole jimillar ta zama gagara-rabo ba. Gurabe 11 sun ba da 2,047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Manya ma sun yi tuntuɓe a nan. Marin Mersenne, wani Bafaranshe da ake kiran irin waɗannan lambobi da sunansa, ya fitar da jeri a 1644, ya sa mai gurabe 67 a cikin gagara-rabo. A 1903, a wani taron masana a birnin New York, Frank Nelson Cole ya tashi ya je allo, ya lissafa jimillar gurabe 67 a gefe ɗaya, ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 a ɗaya gefen, amsoshin suka zo ɗaya. Ya koma ya zauna bai ce uffan ba, aka yi ta tafi. In da a ajinmu ne, da an ce ya yi bayanin yadda ya samu.

Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na birnin Iskandariyya ya gano cewa wannan ninki shi ne hanyar samun kamila. A zuba gero, a tara. In jimillar gagara-rabo ce, a ninka ta da abin da ke gurbin ƙarshe. Gurbi biyu: 3 sau 2, 6. Gurbi uku: 7 sau 4, 28. Gurbi huɗu, 15 ba gagara-rabo ba ce, a wuce. Gurbi biyar: 31 sau 16, 496. Gurbi bakwai: 127 sau 64, 8,128. Darar mai talatin ba ta haifar da kamila, tunda jimillarta tana rabuwa. Amma mai 31 tana yi: 2,147,483,647 sau 1,073,741,824 ya ba da 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas a jerin. Duk kamilar da aka taɓa samu cika ce. Har yau ba a samu mara ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba. Wanda ya warware wannan, sunansa ya shiga tarihi, ko daga Tafashiya yake ko daga Kusada.

Har gobe ana farautar irin waɗannan lambobi. A watan Oktoba 2024, wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano gagara-rabo da ta fi duk waɗanda aka sani kafinta girma. Dara ce mai gurbi 136,279,841, lambar kuma tana da gida 41,024,320. In za a rubuta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, sai an yi fiye da shekara ɗaya da wata uku. Wani zai ce aikin banza ne. To, ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba ka amsar a ce ka nemo su, nan ake yin ta. A kan wannan wahalar aka gina wata hanyar kulle saƙo mai suna RSA a 1977, wadda bankuna da intanet suke amfani da ita. Tamu ta dara ba za ta yi wannan aiki ba, don duk wanda ya san daga talatin ta fito ya gama da ita kafin a tashi tara.

A wasu wurare ana yin babbar dara mai layi shida, kowane gurbi bakwai, 42 ke nan. Geronta 4,398,046,511,103 ne. Ga lambobi huɗu: 5, 31, 43 da 127. Biyu suna shiga cikinta daidai, biyu ba sa shiga. Waɗanne ne, kuma me ya sa? Ban yarda da amsar kalkuleta ba, dalili nake so, irin na layuka. Mai neman 43 ya gwada gurabe goma sha huɗu. A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a ba wa kowane ɗan kulob kafin ranar Alhamis. Ba mu da kuɗin kyauta, amma za mu liƙa sunan wanda ya fara cinkawa a nan bangon mako mai zuwa. Malamai ma an yarda su shiga, ban da malamin lissafi.